Randar da Kaka Ta Zo da Ita

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe biyu na rana, ni kaɗai a gida. Na fita share mota sai na tarar da gorar kunun zaƙi a ƙarƙashin kujera, wadda na saya tun ranar Lahadi na manta da ita. Gorar ta kumbura. Da na murɗa murfin sai ta yi huci, wani wari mai tsami da ɗan zaƙi ya bugi hancina. Na daɗe a tsaye riƙe da ita kafin na zubar. Sau ɗaya tak warin nan ya taɓa shiga gidanmu, lokacin ina firamare.

A unguwar Doka na tashi, a kwatas ɗin ma'aikatan gwamnati. Baba akanta ne, Mama kuma tana koyarwa. Mahaifiyar Mama, wadda muke kira Kaka, Bamagujiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Mama ba ta tashi a hannunta ba. Tun tana ƙarama wata gwaggonta Musulma ta ɗauke ta riƙo zuwa Zariya, a can ta yi karatu, a can aka yi mata aure. Saboda haka abin da ta sani game da sana'ar uwarta bai wuce sunan sana'ar ba: Kaka dafa burkutu take yi, kamar yadda uwarta ta yi kafin ita.

Da kakanmu ya rasu, Kaka ta musulunta, Baba ya ce a ɗauko ta. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma ta bakin Mama ya aika da shi, cikin ladabi: duk abin da ya shafi giya kada ya shigo masa gida. Kaka ta amsa. Ta iso a bayan a-kori-kura da ƙullin kaya biyu da wata babbar randa baƙa, an naɗe ta da tsummoki. Ta ce da ƙyar ta yarda aka tsaya shan mai a garin Rigachikun, don kada wani ya jingina da ita. Kowa ya ɗauka randar ruwa ce. Aka ajiye ta a kusurwar ɗakin baya, Kaka ta zuba zannuwanta a ciki, ta rufe da faifai. Ba ta taɓa zuba mata ruwa ba, kuma ba wanda ya tambayi dalili.

Idan ka taɓa zama a kwatas ka san yadda yake da hantsi. Da ƙarfe takwas ta yi, manya sun tafi ofis, yara sun tafi makaranta, ƙofofi a kulle. Ba shiga maƙwabta, ba daka, ba kaji. Matar da ta saba gidanta ya cika da mutane tun daga azahar, ana miƙa ƙwarya ana gardama, ita ce yanzu take wuni a kan tabarma tana kallon katanga. Da Baba ba ta magana, don surukinta ne. In ta ji motarsa sai ta shige ɗaki. Mama kuwa 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "waccan". Yayyena maza ne, ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Ni ce nake riga kowa dawowa, kuma ni ma ba ni da abokiyar wasa a layinmu. A ɗakinta nake cin abincin rana. Ina biya mata Fatiha, tana kirana malamar da ba ta da rawani. In ta gaji da tuntuɓe a kan ayoyi sai ta ce, "To ƙawata, yanzu ke ma zauna a koya miki."

Da baki kawai take dafa mini burkutun. Jar dawa ake nema, in ji ta, wadda ba ta yi ƙwari ba. A jiƙa ta, a tsane, a baza a inuwa a rufe da ganyen ayaba, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro fari kamar zare. A shanya a rana ta bushe ƙamas, sannan a niƙa. A dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, kada a kuskura a zubar, don a cikinsa ƙarfin tsiron yake. A dafa na ƙasan ana juyawa da muciya har ya yi kauri, a mayar masa da ruwansa, nan take sai ya saki ya yi zaƙi. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake ɗora shi a wuta mai yawan itace, a tace da kwando, a bar shi ya huce. Tana faɗa hannuwanta suna yi, tana juya muciyar da babu ita, tana kau da fuska daga hayaƙin da babu shi.

Na taɓa tambayarta me ke mayar da shi giya, tunda har nan duk kunu ne. Ta dubi ƙofa, sannan ta nuna kusurwa da haɓa. Ta ce wasu matan suna zuba ragowar tsohuwar giya a sabuwa don ta tashi, amma ita ba ta taɓa bukata ba. Randar da aka shekara da shekaru ana zuba mata, abin ya riga ya shiga jikin yumɓunta. Ko ta bushe, yana nan yana barci. Da ya ji zaƙi da ɗumi zai farka. Shi ya sa ba a wanke ta da sabulu. Ta ce ta uwarta ce, kuma ita kaɗai ta rage mata daga gidan da ta fito. Ba ta ce in rufa mata asiri ba. Na gane da kaina cewa ranar da Baba ya san ko randar mece ce, ranar za ta bar gidan.

Aiki ɗaya aka sakar wa Kaka, shi ne kunun zaƙi. Nata ba ya bukatar sukari, tsiron dawa take sa masa, da citta da kanumfari da busasshen dankali. Abokan Baba suna yabawa. Ranar da za ta baza tsiro a bayan ɗakin girki, tun asuba take tashi, har waƙa nake ji tana yi ƙasa-ƙasa. Iyakarta a nan take: a tace, a sha a ranar, a wanke roba.

Da bazarar shekarar da babban yayana ya sauke Alƙur'ani aka shirya walima, ranar Asabar da safe. Baƙi mata suka zo daga Zariya tun Juma'a, aka ba su ɗakin baya, ni da Kaka muka koma ɗakin ajiya. Kaka ta wuni a bakin murhu, ta tace kunu mai yawa da yamma, ta kwanta da wuri saboda ciwon baya. Robobin gidan suka cika, kunu ya ragu, ga shi an ɗauke wuta, firij ba amfani. Mama ta tuna da randa. A saninta ba abin da ke riƙe sanyi kamar tukunyar ƙasa. Ta kwashe zannuwan, ta ɗauraye ta da ruwa, aka fito da ita tsakar gida aka juye sauran kunun da ɗuminsa, aka rufe. Ni ban gani ba, da safe na ji.

Ina bayan Kaka lokacin da ta fito da butarta. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ni ban ji komai ba sai da na matsa: wani sauti siriri ne, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ta ajiye butar, ta je ta durƙusa, ta ɗaga faifan. Kumfa ta taru a wuyan randar, ƙananan ƙwayoyi suna tasowa suna fashewa. Ta kara kunnenta a jikin yumɓun ta rufe ido. Tun da ta zo gidanmu ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Fuskar wanda ya ji muryar ɗan garinsu a tasha ce. Ba ta daɗe ba. Ta mayar da faifan, ta zauna a ƙasa.

Kafin ƙarfe tara malamai sun cika tabarmin ƙofar gida, ɗalibai sun fara karatu. Mata suka zo ɗiban kunu a jug. Ɗaya daga cikin baƙin Zariya ta ɗanɗana a ludayi, ta ce ya ɗan yi tsami, zafin gari ne, a ƙara sukari da ƙanƙara ba wanda zai sani. Mama ta ce a miƙo sukarin. Da Kaka ta yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Kunu yakan yi tsami da bazara, ba wanda zai zargi randa. Na dubi Kaka, ita kuma tana duban hannuwanta.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofar falo inda Baba yake tsaye yana ba yara umarni. Mata suka bi ta da kallo, don ba a taɓa ganin ta tunkare shi ba. Ta tsaya nesa kaɗan, ta juya masa gefe, ta yi magana da muryar da kowa ya ji.

"Malam, kada a ba baƙi na cikin randar can. Randar giya ce, ta uwata. Abin da ke ciki ya tashi."

Baba ya dubi randar, ya dubi Mama. Mama ta saki ludayin da ke hannunta.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun tsakar dare zai fara. Zuwa azahar ba kunu ba ne."

Baba ya ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri." Ya aiki yayana na biyu ya sayo lemon kwalba. Kunun robobi lafiyarsa ƙalau, shi aka fitar. Na randar, maza biyu suka kinkima suka juye a magudanar bayan gida. Kaka ta bi su tana cewa su riƙe ta ta gindi, ba ta baki ba. Malamai suka ci suka sha suka yi addu'a suka tafi, ba wanda ya san abin da ya faru a ciki. Warin ya kwana biyu a bayan gidan.

Baba bai yi faɗa ba, bai kuma ce a fasa ta ba. Bayan baƙi sun tafi ya gaya wa Mama cewa Inna ta yi abin da ba kowa zai yi ba, amma randar ba za ta ci gaba da zama a gidansa ba. Inna ta zaɓi inda za a kai ta. Mama ta isar da saƙon tana tsaye a bakin ƙofa. Kaka ta ce ta ji.

A lokacin akwai masu dafa burkutu a wani lungu na unguwar Abakpa. Ban san yadda Kaka ta san da su ba, ita da ba ta fita. Ta ce iska ce take kawo mata labari in ta kaɗo daga can. Aka samo mai baro, aka yi wa randar gammo da tsummoki, muka bi shi a ƙafa ni da ita. Gidan da muka shiga na wata mata ce 'yar kudancin jihar, mai ƙiba, da manyan tukwane a jere kan murhu. Ta ƙwanƙwasa randar da yatsa, ta sa kai ta shinshina, ta ɗago ta dubi Kaka da kyau. Kaka ta ce ba sayarwa ta zo yi ba. Ta shiga yi mata bayani: kada sabulu ya taɓa ta, kada a ajiye ta a kan siminti sai a kan yashi, kada a zuba mata abu da zafinsa, a bari sai ya koma ɗumin jiki. Matar tana ta cewa to Mama, to Mama, ko da yake na ga alama ta san duk wannan. Daga nan Kaka ta zagaya tukwanen, ta ce wa wata yarinya wutarta ta yi yawa, ta karɓi muciya ta juya sau biyu ta mayar.

Matar ta ɗebo a ƙwarya ta miƙo. "Mama, ki ɗanɗana mana ki faɗa mana gaskiya."

"Na tuba, 'yata," in ji Kaka. "Hancina ne kawai bai tuba ba. Wannan kin yi gaggawar sauke shi."

Matar ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce Kaka ta dawo ranar Asabar ta ga yadda randar za ta yi. Kaka ta ce in Allah ya yarda. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ta ce takalminta yana cin ta.

Ba ta koma ba. Mako na zagayowa matar ta aiko 'yarta da ƙullin gyaɗa, da saƙon cewa randar ta yi abin kirki, tun kafin la'asar aka shanye. Kaka ta tambayi yarinyar ko kumfar ta kai wuya. Ta ce har ta zubo. Kaka ta ce alhamdu lillahi, sannan ta kama bakinta ta ce astagfirullah, ta dube ni kamar ni zan yanke mata hukuncin wanne ya dace. Ban san amsar ba a lokacin, yanzu ma ban sani ba.

Baba ya sayo mata sabuwar randa ja daga kasuwa. Ta aika masa da godiya, aka riƙa zuba ruwan sha a ciki.

Yau kunun da muke sha a gora yake zuwa, daga hannun mutanen da ba mu sani ba, kuma sukari ne zaƙinsa. 'Ya'yana ba su taɓa ganin dawa ta yi tsiro ba. Masu burkutun Abakpa sun ƙaura zuwa ƙetaren kogi a shekarun da rikicin addini ya raba garin, kowa ya koma inda nasa suke. Bara na bi ta lungun, na tarar an yi shagunan sayar da waya a wurin. Na tambayi wani tsohon tela ko ya san inda matar ta koma, ya ce bai ma san an taɓa yin irin wannan sana'a a layin ba.

Kaka ta rasu ina sakandare, a ɗakin baya, da rana, kowa yana wurin aiki. Daga walimar nan har rasuwarta ba ta ƙara jiƙa dawa ba.