Na Warke, Amma Auduga Bai Dawo Gida Ba

Sannunku da haƙuri. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Wasunku sun yi ta tambaya, "Rifkatu, ina hotunan Auduga?" Ban amsa ba. Ko da lafiyata ni ba mai yawan magana ba ce, balle da ciwo. Yau dai zan faɗa.

Ga waɗanda ba su sani ba, Auduga kwikwiyona ne. Babana gyaran AC yake yi a nan ƙasar Larabawa, kuma akwai wata gonar awaki a bayan gari da ake kiransa aiki. Karyarsu ta haihu, irin manyan fararen karnukan nan da ke kwana cikin garke suna gadi. Na yi ta roƙo har Baba ya shigo mana da ɗaya cikin kwali.

Mama ta dubi faɗin tafin ƙafarsa ta ce, "Baban Rifkatu, wannan kare ne ko ɗan maraƙi? A wannan flat ɗin namu na unguwar Abu Hail zai zauna?"

Bai taɓa yarda ya ɗauko ƙwallo ba. Aikinsa kawai ya kwanta kusa da ni, kunnensa na bin duk takun da ya wuce a waje. Baba ya ce, "Bai samu akuya ba, ya mai da ke akuyarsa."

Ciwon ya fara ne da kumburin ido da safe. Na ɗauka karatun jarrabawa ne. Sai takalmin makaranta ya fara matse ni. Fitsarina kuma yana kumfa kamar an zuba sabulu, amma kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Maƙwabciyarmu, Anti Memuna 'yar zangon Kumasi, ita ta tsayar da ni a matakala. Ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Maman Rifkatu!" ta ƙwala kira. "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yalla, maza asibiti!"

An ɗebi jini, an karɓi fitsari, an shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka duba da na'ura. Likitar ta ce ƙodata na yoyon sinadarin gina jiki. Aka ba ni gado.

Na ji tsoro ƙwarai. Kowace safiya a hau sikeli, a auna abin da na sha da abin da na fitar. Abinci lami, ko ɗigon gishiri babu. Daga baya aka soka allura ta bayana aka ciri ɗan tsoka daga ƙodar don gwaji. Inshorar aikin Baba ba ta ɗauki komai da komai ba, sai ya daina hutun Asabar don ya biya sauran.

Maganin da aka ɗora ni a kai yana raunana garkuwar jiki. Da likitar ta ji akwai kwikwiyo a gida, ta ce a hankali, "Habibti, 'yata, ba yanzu ba. In kin warke."

Ashe kuma tun da aka kwantar da ni Auduga yake haushi ba ƙaƙƙautawa, har mai gidan da muke haya ya aiko da gargaɗi. Baba ya mayar da shi gonar ina kan gado. Ban yi masa sallama ba.

Da na dawo gida, maganin ya kumbura mini fuska kamar ƙwarya. A makaranta nakan sunkuyar da kai har a tashi. Abin da ya riƙe ni shi ne kalmar nan, "in kin warke". Duk ƙwayar da na haɗiye, da sunan Auduga na haɗiye ta.

Anti Memuna, wadda da in ta gan shi sai ta tattare zani ta manne da bango, ita ce ke leƙowa tana cewa, "Ci ki ƙoshi, 'yata, wannan jibgegen ɗan naki na jiranki."

Watanni suka wuce, kumburi ya saɓe, aka yi ta rage magani. Ranar da gwaji ya fito fes, likitar ta ce yanzu zan iya taɓa Auduga.

Juma'a, wadda a nan ita ce ranar ibadarmu, bayan mun taso daga coci muka tafi gonar.

Ban gane shi ba. Ya kai mini ƙugu, jikinsa duk ƙura da warin awaki. Na ce, "Auduga." Ya ɗago, ya taho a guje, ya jingina da ni har na kusa faɗuwa. Na yi kuka a cikin gashinsa.

Sai mai kiwon ya buɗe shinge, awaki suka fita. Wani ɗan akuya ya yi kuka a baya. Na ji jikin Auduga ya ƙage a hannuna. Ya dube ni, ya dubi garken. Ya zame ya tafi, ya tsaya har ɗan akuyan ya wuce gabansa, sannan ya bi su.

Baba ya ce, "Uwata, in kin ce mu tafi da shi, zan je in roƙi mai gidan hayarmu."

Na daɗe ina kallon farin bayansa a cikin rairayi. Na ce, "Baba, bar shi."

Ina gode wa Allah da Ya tashe ni. Na gode wa Mama da ta daina cin gishiri don kada in ci lami ni kaɗai, da Baba, da Anti Memuna, da nas-nas da suka jure kukana.

'Yan'uwana 'yan mata, in kun ga kumburi ko fitsari ya canza, ku faɗa. Kunya ba ta maganin komai. Kada ku yanke magani don fuska ta kumbura, za ta koma. Mai sha'awar irin wannan kwikwiyon kuma, ya tuna zai girma, kuma fili da garke yake so, ba bene ba.

Baba ya ce duk ranar da AC ɗin gonar ya sake lalacewa zai tafi da ni. Allah Ya yafe mini, kullum addu'ata ya lalace.