Haruffan Samfefa da Tumbina

Shekarun baya, lokacin autata tana ajin yara 'yan shekara huɗu, malamarta ta aiko in zo. Ni dillalin katako ne a kasuwar Katako, ban saba a kira ni makaranta ba, don haka na rufe shago na tafi da sauri.

Malamar 'yar Filato ce, mai fara'a amma ba ta ɓoye magana. Ta buɗe littafin yarinyar ta nuna mini. Duk inda ya kamata ta rubuta b sai ta rubuta d, inda ake son d kuma ta sa b.

"Oga, yarinyarka yana da ƙwaƙwalwa," in ji ta, "amma idan bai raba waɗannan biyu kafin ƙarshen zango ba, zai maimaita aji. Ƙawayensa za su wuce su bar shi."

Wannan ya taɓa ni, don na san yadda take son ƙawayen nan nata. Na ce me za a yi? Ta ce tunda katako ne sana'ata, in haɗa musu haruffan samfefa. Na ce an gama. Ban tambayi komai ba. Mutumin da ya shekara ashirin cikin katako, wa zai koya masa samfefa?

Na zaɓo maɗaci busasshe, wanda ko attajiri sai ya roƙe ni nake fito masa da shi. Na kai wa abokina kafinta ya yanka haruffa, manya da ƙanana, tun daga A. Muka bi su da samfefa mai kaushi, muka bi da matsakaiciya, muka ƙare da mai laushi, sannan muka shafa banish har sau biyu. Abokina ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wallahi ƙuda ya sauka a nan sai ya zame." Na ce haka nake so.

Na kai su cikin kwali ina tafe ina ƙasaita. Malama ta ɗauki harafin b ta shafa, ta juya bayansa ta sake shafawa.

"Oga, ina samfefan?"

"Ta ƙare a jikinsu," na ce. "Fallaye tara muka cinye."

Matar nan ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Da ta huce ta yi mini bayani. Ashe samfefar ita ce harafin. Ana yanka siffar harafi daga jikinta, a manna a kan allo mai santsi. Yaro ya bi kaushin da yatsa yana faɗin sautin, in ya kauce hanya santsi ya gaya masa. Ni kuwa na yi kwana huɗu ina kashe ainihin abin da ake nema.

Kunya ta sa na fara gardama. Na ce, "Malama, ai karatu da ido ake yi. Mu da allo da bulala muka koya."

Ba ta musa ba. Ta ce in rufe ido. Na rufe, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Ta sa mini wani guntun itace a hannu, ƙafar wani benci da ya karye.

"Wane katako ne wannan?"

Ko daƙiƙa biyu ban yi ba. "Malaina ce, kuma ɗanya aka yanka ta. Wanda ya sayar muku ya cuce ku."

"To da wane ido ka gani?"

Na buɗe ido, na ɗauki kwalina na kama hanyar gida.

Washegari na tsinto guntayen falanki da muke zubarwa, na yanka samfefa da almakashin matata, na manna da gam. Aikin da bai kai awa biyu ba. Na yi na makaranta, na yi na gida. Kullum bayan la'asar sai mu zauna a tabarma ni da yarinyar, tana bin harafi da yatsu biyu tana cewa "ba, ba, da, da." Mako na farko babu canji, har na fara cewa a raina matar nan ta sa ni wasan yara.

Ranar nan tana cikin shafa d sai ta tsaya. "Baba, wannan goyo ta yi a baya kamar Umma." Ta jawo b ta shafa, ta dube ni, ta miƙo hannu ta dafa cikina. "Wannan kuma tumbi ne a gaba, irin naka."

Matata da ke tankaɗe ta kusa kifar da garin don dariya. Amma daga ranar yarinyar ba ta sake haɗa su ba. Ƙarshen zango ta wuce tare da ƙawayenta.

Haruffan maɗacin suna nan. O ce matata ke ɗora tukunya mai zafi a kai, L kuma tana tare mana ƙofa.

Abin da na ɗauka shi ne, sanin kaya daban, sanin abin da mai saye zai yi da su daban. Yanzu ko ƙusa aka ce in kawo sai na tambayi me za a kafa. Yarinyar ta girma, tana sakandare, kuma duk lokacin da matata ta ce in rage cin tuwo saboda cikin nan, sai in ce ta yi haƙuri, ba na taɓa kayan karatu.