Ranar da Makau Ya Sake Shiga Tungar Guru

Ni ne Yahaya mai faci, rumfata tana bakin tashar Bukkuyum. Duk wanda ya ce maka Baba Makau ba shi da komai sai taurin kai, ka turo mini shi. Taurin kai kam akwai, ban musa ba. Amma hannuna ya san kekensa, idona ya ga abin da ya faru, saboda haka a saurara mini.

Makau mutumin Gwashi ne, manomin gero da dawa, dogo siriri, da kunne guda da ba ya ji sai an ambaci abinci. Baƙin keke gare shi mai sanda, wanda ya saya tun ba a haifi babban ɗansa Saminu ba. In ban da sandar da ƙararrawa, babu abin da ban canza a jikin keken nan ba. Kowace shekara da an gama ɗaurin dawa an cika rumbu, sai ya ɗaure tabarma da buta da famfo a kariyar bayan keke, ya rataya kullin daddawar matarsa Laraba, ya kama hanya. Ya biyo ta wurina in matse masa birki, ya gangara Gummi wurin ƙanwarsa Atine, ya juyo ta tungaye da rugage har Anka da Abare, sannan ya dawo gida fuska ta yi baƙi, ciki ya yi fari. Ba saye yake ba, ba sayarwa. In ka tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce, "Mutane ni ka nema, ko an hana?"

Ku yaran yanzu ga abin da ba ku sani ba. A ƙasar nan mai keke ba ya wuce dattawa yana bisa sirdi. Tun daga nesa zai sauka, ya turo abinsa, ya yi sallama, a amsa masa, sannan ya wuce. Makau har ƙari ya yi. Mata a bakin rijiya ma sauka yake yi musu. Shi ya sa babu ƙauyen da zai shiga a rasa mai kawo masa fura.

A Tungar Guru akwai Ɗanmusa, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, abokin wasa tun suna tsirara. Waɗannan biyun ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Da Ɗanmusa ya hango keke sai ya ɗaga murya: "Ku ɓoye tukwane, ga kurar Gwashi ta iso!" Makau ya ce, "Af, wanga gurgu bai mutu ba har yau?" Sai su rungume juna, su wuni suna zagin juna, gari yana dariya.

To, sai harkar zinariya ta tashi. Saminu ya shiga, Allah ya buɗa masa, ya sayi sabon babur. A daminar nan kuma Makau ya faɗi da keke a yashin bakin gulbi, gwiwa ta kumbura. Shi ke nan Saminu ya samu abin faɗi. Wai abin kunya ne a ce yana da babur ubansa na taka feda. Da kaka ta yi sai ya goya tsohon a baya, wai za su gama zagayen cikin hanzari.

Sun gama kuwa, har da abin da ba a sa su ba. Da suka iso Tungar Guru, dattawa suna zaune gindin durumi a ƙofar masallaci. Ɗanmusa ya gane su, ya miƙe da sandarsa, ya buɗe baki zai saki zagi. Saminu ya danna ham, ya wuce fuu, wai mai sayen zinariya na jiransa a Abare. Makau ya yi ta dukan bayansa yana ihu, yaron ya ce sai a dawowa. Da za su dawo kuma ya bi wata hanya. An bar dattijo tsaye baki buɗe a gaban mutanen garinsu.

Makau ya aika da gaisuwa da goro ta hannun wani mai zuwa can. Amsar da ta dawo ita ce, "A gai da Alhaji, mun gode da tunawa." Alhaji fa! Mutumin da ko Gusau sau nawa ya je? Laraba ta ce tun daga ranar tuwo ya daina shiga masa. Ya ce zai hau kekensa ya je. Saminu ya cire sarƙar keken ya ɓoye, sannan ya zo har rumfata bisa babur, ko kashe shi bai yi ba.

"Malam Yahaya, in Baba ya zo kada ka sa mashi sarƙa. In ya hwaɗi, kai ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kashe abin ga tukuna, ka sauko ka gaishe ni, sannan ka koya mini sana'ata." Bai sauko ba, ya ja ya tafi.

Ran kasuwa sai ga a-kori-kura ta Gwashi, keken Makau a ɗaure bisa buhunan wake, shi kuma yana zaune gefe ya riƙe shi kamar mai kai akuya asibitin dabbobi. Ya sauko yana ɗingishi.

"Yahaya, sa mini sarƙa."

"Baba, gwiwar fa?"

"Gwiwa tawa ce ko taka? Ni na wuce Ɗanmusa bisa sirdi, ni zan koma in sauka. In ba ka sawa, turawa zan yi har can, kuma Allah ya isa."

Na dubi tsohon nan, na ga da gaske yake. Na ɗauko sabuwar sarƙa na ɗaura, na zuba mai, na ba tayoyi iska. Sannan na rufe rumfa na fito da nawa keken, don in ya faɗi gara ya faɗi a gabana.

Ban taɓa sanin wahalar da mutumin nan yake kira jin daɗi ba sai a tafiyar nan. Yashi ya kama taya mu sauka mu tura. Ƙaya ta huda mu zauna mu yi faci. Mu ratsa gonaki an sare kara, shanu na kiwo a ciki, mu haye gulbi keke a kafaɗa. Kuma duk inda aka ga mutum zaune, sai an sauka! A wata ruga wata tsohuwar Bafulatana ta gane shi, ta kawo ƙwaryar kindirmo, ta yi masa faɗan bara ba ta gan shi ba. Muka kwana a wata tunga, da safe gwiwar ta yi suntum. Na ce mu huta. Ya ce in ni na gaji in koma wurin Innata.

Rana ta take muka hango durumin Tungar Guru. Makau ya sauka tun daga bakin gari, ya turo keke, ya yi sallama. Dattawa suka amsa. Ɗanmusa ya miƙe a hankali, ya rusuna.

"Maraba da Alhaji. Ranka ya daɗe, an sha hanya. Ku kawo ma baƙo tabarma."

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Makau bai kalli tabarmar ba. Ya juya keke, ya ɗingisa har bakin gari, ya juyo, ya sake turowa, ya sake sallama.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Ɗanmusa.

Makau ya sake juyawa. Haka aka yi ta yi. Mata suka leƙo ta kan danga, masu sussuka suka ajiye taɓare. Liman ya ce, "Haba Malam Makau, ai an amsa maka, zauna mana." Makau ya ce, "Allah gafarta Malam, ba a amsa ba. Ni na san amsata. Ko nan zan mutu, sai na ji ta." Ni kuwa haushin su biyun ya cika ni, tsofaffi da furfura suna abu kamar awaki a kan turke.

A wata dawowar, gwiwar ta ƙi. Ya tafi ƙasa, keke ya bi ta kansa, buta ta gangara. Na ruga zan ɗaga shi, ya buge hannuna. Ya dafa ƙasa, ya dafa sandar keke, ya miƙe da ƙyar, gumi na zuba, ya sake juya kan keken zuwa bakin gari.

Sai muka ji an buga sanda a ƙasa.

"Kai, kurar banza! Ina za ka da wagga ruɓaɓɓar ƙahwa? So kake ka mutu nan a ce mu yi ma sutura, bayan tuwon da ka cinye muna shekara da shekaru? Zo ka zauna, mayunwaci!"

Makau ya saki keken ya faɗi. Ya tako ya wuce tabarmar, ya zube a ƙasa kusa da ƙafar Ɗanmusa, ya buɗe baki zai rama. Zagin bai fito ba, kuka ne ya fito, irin na babban mutum, mai girgiza kafaɗa. Ɗanmusa ya riƙe masa kai yana cewa, "Dube shi, mummuna."

Ni dai na tsuguna na kama duba tayar baya, wadda babu abin da ya same ta.