Tsorona Ya Busar Da Irin Albasar Aminiyata

A lokacin da wannan abu ya faru na haura shekara arba'in da biyar, ina zaune a ƙauyenmu da ke arewacin Kano, ba nisa da ruwan Watari. 'Ya'yana mata sun yi aure, mazan kowa ya kama sana'arsa. A unguwarmu ni ake kira mai hankali. In za a kai amarya ni ake sawa gaba, in mata sun yi cacar baki ni ake kira sulhu, in wata ta zo da shawarar sabuwar sana'a ni ce mai cewa a dai bi a sannu. Na daɗe ina jin daɗin sunan nan har ina hura hanci. Sai daga baya na gane ba hankali ba ne, tsoro ne tsagwaronsa na yafa wa mayafi. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cina, kuma har yau bakina ya kasa faɗarsa a gaban mutane.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, na sami wata 'yar gona a bakin hanyar ruwan da ake noman rani. Tun ranar rabon na ba yayana aronta, shi yake nomawa, in an yi ɗiba ya aiko mini da kwandon tumatir, ni kuma in yi ta godiya kamar kyauta ya yi mini. A wajenmu aron gona yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani. Mai gona na iya karɓar abarsa, amma sai bayan an cire amfanin damina, kafin mai aro ya kai taki. Da zarar jakuna sun sauke taki a gona, to noman wannan shekarar nasa ne, ko mai unguwa ba zai tashe shi ba, wanda ya nema ma shi za a zaga.

Ina da aminiya, katangarmu ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, tana ƙuli-ƙuli tana riƙe su. 'Yar manoman albasa ce, ta san albasa kamar yadda na san tukunyata. Ba ta kirana da sunana, sai dai ta leƙo ta katanga ta ce tawan. Ita ce ta same ni ƙarshen wata damina ta ce mu haɗa hannu: ni in karɓo gonata, ita ta yafa iri a bayan ɗakinta ta raine shi, in ya isa dashe mu dasa, abin da Allah ya ba mu mu raba biyu. Ta tsokane ni ta ce ko sai mun fara dogara sanda za mu taɓa yin abin kanmu. Na yi dariya na ce na amince. Na faɗa wa maigidana ina fatan ya hana, in sami abin fakewa, sai bawan Allah ya ce shawara ce mai kyau, har ya ce in an cire shi zai kai mana kasuwar Ɗambatta. Ita kuwa ba ta tsaya wata-wata ba, ta sayar da tunkiyarta guda ɗaya tilo ta sayo iri. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in gaya wa Yaya ina son gonata.

Nan fa tsoro ya kama ni. Na yi ta zuwa gidan Yaya da niyyar magana. In gaishe shi, in sha fura, mu yi hirar wanda ya haihu da wanda ba shi da lafiya, in ya tambaye ni ko akwai wata magana in ce babu, zumunci ne ya kawo ni. A hanya in yi ta zagin kaina. Ba Yaya nake tsoro ba, mutum ne mai sanyin hali. Ina tsoron albasar ta ƙi, a ce ga mai hankalin unguwa ta tsufa ta haukace, ta ƙwace gona a hannun ɗan'uwanta ta zuba a rariya. Ina tsoron rasa kwandon tumatir ɗin nan da ba na wahalar komai a kansa. Duk lokacin da aminiyata ta leƙo ta tambaye ni yaya muka yi, sai in ce magana ta kusa ƙarewa. Ita kuma safe da yamma tana jan ruwa a rijiya da ciwon bayanta tana ba iri, ta kewaye shi da ƙaya saboda kaji, tana kirana in zo in ga yadda ya yi kore shar.

Wata safiya na fito zubar da shara na ga jakunan Yaya ɗauke da mangalar taki sun nufi bakin ruwa. Na san inda za su, na san kuma me hakan ke nufi. Ko a ranar da na gaya mata gaskiya, da ta sami wanda zai sayi irin tun yana ƙasa, ko ta roƙi wani ya sam mata gefen gona. Amma kunyar a ce na yi ƙarya ta haɗu da tsoron farko, na koma gida na ci gaba da ɓoye mata. Da ta matsa mini cewa iri ya isa dashe, in ya wuce lokaci ba zai yi kai ba, sai na ce mata ta bari sai an ci kasuwa mai zuwa, washegari mu shiga gona. Na faɗa ne don in sami sararin numfashi, ina ce wa raina kafin nan zan san dabara. Ban san dabarar komai ba, kwanciya na yi na ce zazzaɓi nake.

Irin albasa in an cire shi daga ƙasa ba ya jira. Ranar da na sa mata, tun da sassafe ta tuge shi duka, ta ɗaure dami-dami, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da ta ji ba ni da lafiya ta ce a bar ni in huta, ita za ta fara. Ta zuba a kwando ta ɗora a ka ta tafi gonar. Tana isa ta tarar da Yaya da 'yan ƙwadagonsa sun baza taki sun ja fangalin ban ruwa, suna dasa tumatir. A gaban mutane ta tambaye shi, shi kuma ya rantse mata ba wanda ya taɓa yi masa maganar. Haka ta juyo da kayanta a ka, ta ratsa gari rana tsaka kowa na kallo. Ta bi manoma tana tallar irin, amma kowa ya riga ya dasa nasa. Ina kwance ina jin lokacin da ta sauke kwandon a tsakar gidanta, ban iya tashi ba.

Da yamma Yaya ya zo har ɗakina, ransa a ɓace. Ya ce da na furta ko sau ɗaya da ya sakar mini, domin gonar ta yi masa nisa da sauran gonakinsa, kunyata ce ma ta hana shi mayar mini tun tuni. Wato abin da na yi wata da watanni ina gudu babu shi sam. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zauna jiran aminiyata ta zo ta zage ni, wallahi da zagin ya fi mini sauƙi. Ba ta zo ba. Bayan 'yan kwanaki ta shigo da sallama, ta yi mini ya jiki, ta ajiye wani ƙullin leda a gabana. Ganyen irin ne da ya yanƙwane ta daka ta shanya ta yi gabu na miya. Ta ce tun da mun yi alkawarin raba abin da aka samu biyu, ga rabona. Muryarta ƙalau, ba gori ba habaici. Da za ta fita ta ce sai an jima Hajiya, kamar yadda baƙi ke kirana.

Da damina ta zagayo, tun kara na tsaye a gona na je na gaya wa Yaya ina son gonata. Maganar ba ta kai tsawon shan ruwa ba. Na sayar da awakina na noma albasa. Shekarar farko rabinta ya ruɓe a rumbu don ban iya ajiya ba. An yi mini dariyar da nake tsoro, ta yi kwana kaɗan ta wuce, ban mutu ba, ban ma rame ba. Yanzu ina noma kowane rani, wata shekara a samu, wata a yi haƙuri. Sai dai wadda ta koya mini sha'awar abin ba ta ga ko kan albasa ɗaya a gonar ba. Rashin tunkiyar nan ya karya mata jari, ciwon bayan ya ƙara matsa mata, ta tattara ta koma wajen 'yarta a Rijiyar Zaki. Duk cirar albasa nakan hau mota in kai mata buhu. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, tana karɓa ta yi godiya ta sa albarka, amma ba ta sake ce mini tawan ba.

Abin da na koya shi ne mai tsoro yakan zaci kansa kaɗai yake karewa, bai san akwai wanda ya jingina da shi ba. 'Yan'uwana mata, musamman mu da girma ya fara kamawa, kada a ruɗe ku da sunan mai hankali. In kina son abu ki tashi ki gwada, faɗuwa ba ta kisa, dariyar mutane ma ba ta daɗewa. In kuwa kin san ba za ki iya ba, ki faɗa tun wuri, kafin wata ta sayar da abin da take da shi saboda maganarki. Ƙullin gabun nan yana nan a ƙasan kwallata, ƙamshinsa ya gudu tuntuni. Na kasa zuba shi a miya, na kuma kasa zubar da shi, domin shi ne kaɗai abin da ni da ita muka taɓa rabawa.