Injin da gwaji ya cinye a Aziziyya

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da mahaifiyata, domin jirginmu zai bar Kano kafin azahar. Direban da ya ɗauke mu ya ce hanyar ta fi bara kyau. Ban bi ta bara ba, saboda haka ba zan tabbatar muku da maganarsa ba. Abin da idona ya gani shi ne mun wuce Kwanar Dangora rana tana ɗagowa, masu ƙosai suna hura wuta.

Umara ce ta kai mu Makka, amma akwai takardu a jakata da suka hana ni sakewa, kuma ya kamata in yi muku bayaninsu tun yanzu. Bayan na kammala karatun injiniyan lantarki, an ɗauke ni aikin gwaji na shekara guda a wata hukuma mai tsara ƙa'idojin kare lafiya a harkar nukiliya. Ƙasarmu ba ta gina tashar lantarki ta nukiliya ba tukuna, amma ana so ƙa'ida ta riga tubali zuwa. An ba ni takardun jagora guda uku, waɗanda aka rubuta a lokuta daban-daban, aka ce in haɗa su su zama ɗaya. Dukkansu a kan gwada janaretocin ko-ta-kwana suke. Irin wannan tasha ko an kashe ta, cikinta ba ya daina fitar da zafi nan take, dole famfunan ruwa su ci gaba da sanyaya shi. Idan wutar waje ta ɗauke, janareta ne zai riƙe famfunan, kuma cikin daƙiƙoƙi ake so ya tashi.

A wuri ɗaya takardun suka saɓa. Tsohuwar ta ce kowane wata a tayar da injin farat ɗaya, daga kwance zuwa cikakken gudu. Ta baya-bayan nan ta ce a zagaya masa mai tukuna, a tayar da shi a hankali. Na zaɓi tsohuwar, domin a ganina mafi tsanani shi ne mafi aminci. Shugabar sashenmu ta ce in miƙa daftarin ranar Litinin ta farko bayan dawowata, kuma da shi za a duba ko za a tabbatar da ni a aiki.

Mun sauka Jidda bayan la'asar da haraminmu a jiki. Titin Makka shimfiɗaɗɗe ne, baƙaƙen duwatsu a dama da hagu, ba ko tsiro a kansu. Direban tasi ya faɗi kuɗinsa da riyal, na fara juya shi zuwa naira a waya, mahaifiyata ta ce in mayar da wayar aljihu kafin hawan jini ya kama ni a ƙasa mai tsarki. A wurin ɗawafi ma sai da na sha faɗa, don a zagaye na biyar na tsaya ina shakka ko na huɗu ne. Ta ja ni gaba, ta ce ita tana ƙirgawa tun kafin a haife ni. Ganin Ka'aba kuwa ba ni da kalmar da zan amince ta isa, don haka na bar shi.

A rana ta uku muka je Utaibiyya gaishe da Kawu, ɗan'uwan mahaifiyata. Zumuncin na dangi ne: kakansa ne ya taho da ƙafa ta Chadi da Sudan, shi kuwa a Makka aka haife shi. Lungunan unguwar matsattsu ne, gidaje sun jingina da juna, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigar da ruwa a kan mai wucewa. An kawo mana ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, sai kuma wani nama da garin ƙuli da suke kira siriya. Na ɗanɗana na ce ai wannan tsire ne. Kawu ya ce shi ne, ya dai yi aikin Hajji ya ƙi komawa gida.

Kawu makanikin janareta ne a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Aziziyya. Da ya ga ina leƙa takarduna a ƙarƙashin faranti, ya tambaye ni, na faɗa masa. Sai ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Gobe ranar gwaji ce. Yalla, ka zo ka gani, ya muhandis," wato injiniya.

Washegari da hantsi muka shiga ɗakin injin a bayan asibitin. Na zaci zai danna maɓalli ne kawai. Sai ya kunna wani ɗan famfo a gefe, ya tsaya yana kallon allurar mai har ta ɗaga. Sannan ya tayar da injin a ƙaramin gudu, ya ɗora tafin hannunsa a jikinsa yana saurare, ya ƙara masa gudu, daga ƙarshe ya juya masa lodin ginin gaba ɗaya ya bar shi yana ja.

Na ce, "Kawu, ranar da wuta ta ɗauke ai ba za ta jira ka zagaya mai ba."

"Sahih. Shi ya sa sau biyu a shekara nake tayar da shi irin naka, ba sallama. Amma kowane wata? Zo, shuf, ka gani da idonka."

Ya yaye wani tamfol a kusurwa. Tsohon inji ne, an kwance rabinsa. Ya ce wani manaja da aka taɓa yi, mai tsoron Allah da tsoron kuskure, shi ya riƙa zuwa kowane mako da agogo a hannu, a tayar masa da injin farat ɗaya ya ga daƙiƙa nawa zai ɗauka. Injin da ya daɗe a kwance mansa ya gangara ƙasa, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe kafin man ya hau. Ya miƙo mini wani lanƙwasasshen ƙarfe daga cikinsa, duk ya zaizaye.

"Kullum yana cin jarrabawa, ya waladi, ɗana, har ranar da ya mutu. Gwajin ne ya cinye shi. Khalas, shi ke nan."

Na tsaya da ƙarfen a hannu, kunya ta rufe ni. Duk da haka na ce masa, cikin ladabi, janaretan asibiti daban, na tashar nukiliya daban, kuma ba zan iya rubuta "in ji Kawu" a takardar hukuma ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wa mahaifiyata daga baya, "Yaya, wannan ɗan naki ko sunansa aka tambaye shi sai ya duba fasfo."

Da muka koma masauki bayan azahar na sake buɗe sabuwar takardar. A rataye na ƙarshe, wanda na tsallake saboda na ɗauka jerin sunaye ne, aka bayyana dalilin sauyin, kuma shi ne abin da Kawu ya nuna mini: yawan tayarwa farat ɗaya yana cin injin. Ba a soke wannan gwaji ba, an dai rage yawansa. Ashe takardun ba faɗa suke yi ba, sabuwar gyara ce ga tsohuwar. Na sake rubuta sashen: gwajin wata-wata a hankali tare da lodi, gwajin farat ɗaya a tazarar da sabuwar takardar ta ƙayyade, kuma na sa madogarar kowane layi a ƙarƙashinsa.

Mun dawo Kano da jarkar zamzam da dabino. Ranar Litinin na miƙa daftarin. Shugabar ta karanta ina tsaye, jan bironta yana sauka a kusan kowane shafi. Da ta zo wannan sashe ta daɗe, ta tambaye ni me ya sa na bar mafi tsanani. Na ba ta shafi da sakin layi, sannan na ƙara da cewa na riƙe ƙarfen injin da aka gwada har ya lalace. Ta ɗago ta dube ni, ta wuce sashen ba ta taɓa shi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne tsanantawa ba ita ce kiyayewa ba, kuma wanda zai haɗa ƙa'idoji dole ya nemi dalilin kowacce kafin ya zaɓa. Takardar tabbatarwa ba ta fito ba tukuna, ba kuma zan ce muku ta fito ba. Amma kafin in bar ofishin, shugabar ta turo mini wani fayil mai kauri a kan gwajin batura, ta ce aikin watanni shida ne, in fara gobe. Wata biyu ya rage a shekarar gwajina.