Wushiryar Kaka

Duk lokacin da harshena ya taɓa siririyar wayar da ke manne a bayan haƙorana, sai kakata ta faɗo mini a rai. A gidanmu na Mpape mu biyu kaɗai ke da wushirya, ni da ita, kuma ba ta gajiya da nuna ni ga baƙi. Sai dai tawa ta wuce gona da iri, haƙoran sun turo leɓe. Ina da shekara goma sha uku Baba ya kai ni wurin likitan haƙori a Wuse, aka ɗaure mini su da ƙarfe. Kaka ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwar Baba.

Da aka cire ƙarfen, wushirya ta rufe ruf, aka manna wannan wayar don kada ta dawo. Ni kuwa da son kilishi, ga ƙyuyar goge baki. Kafin damina ta fita dasashina ya kumbura, ko gwaiba na gatsa sai jini. Na daina dariya, na shiga rufe baki da gefen hijabi.

Kaka ce ta gano. Ta ce, "Ƙawata, buɗe in gani." Washegari da kanta ta raka ni, tana ta mita a tasi. Likita ya wanke wurin, ya ce abinci ne ke maƙalewa ƙarƙashin wayar. Ya ba ni zaren sakace, ya ce in ban riƙa zura shi ina tsabtace wurin kullum ba, dole a cire ta, haƙoran su sake buɗewa.

Na ɗauka abin nema ya samu wurin Kaka. Sai ta karɓi zaren ta juya shi. "Wannan ai saka zare a allura ne," in ji ta. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta zaunar da ni a bakin ƙofa inda haske yake, ta sa tabarau, tana zurawa tana tsokanata, har jinin ya tsaya.

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Wushirya nake so, amma na fi son dariyar."

Yanzu ni ma ina da 'ya, kuma haƙoranta na gaba sun fito da rata. Da na kai ta Mpape, Kaka ta leƙa bakinta, ta rangaɗa guɗa, sannan ta nuna ni da sandarta. "Ke da ubanki, kada wanda ya taɓa mini wannan."