Malam Sabo da Tsohuwar Bakin Gada

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida ta hannun Malam Sabo ya san kwalinsa ba ya tafiya shi kaɗai. Ka ba shi turare da abaya, iyalinka su buɗe a Kano su tarar da takarda a ninke cikin hannun abayar, waƙa ce baiti goma sha biyu a kan gadar garin su Malam da ruwa ya cinye. Shekara shida muna gida ɗaya a unguwar Al Nahda da ke Dubai, ban ga ya rufe kwali babu ita ba.

Kafin ya zama mai kula da sito a Al Quoz, malamin Turanci ne a sakandare. A can ya kwaso jarabar, daga labarin wata Ba'amurkiya ta zamanin neman 'yancinsu, wadda ta riƙa yi wa gwamna zambo a waƙa da ƙasida ba ta sa sunanta.

"Mace ce fa, Habibu," yakan ce mini. "Tana girki tana girgiza gwamna. Ni da gemuna in kasa girgiza ciyaman ɗin garinmu?"

Shi ma ba ya sa suna. Ƙasan kowace takarda abin da za ka gani shi ne Tsohuwar Bakin Gada.

Bulus, abokin zamanmu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ke buga masa takardun. Ran nan ya gaji ya ce, "Malam, ka sa a waya mana, minti ɗaya ta zaga gari."

"Waya da yatsa ake wuce ta. Takarda kuwa ko ƙosai aka ƙunshe da ita, mai cin ƙosan zai karanta. Yalla, maza buga."

Siyasar Dubai dai bai taɓa taɓawa ba, ya ce bizarsa ba ta haɗa da waƙa ba. Mu ne muka sha. Bulus ya bar tukunya kwana biyu bai wanke ba, da safe sai ga baiti shida a jikin firji.

"Malam, tsohuwar nan har Dubai ta biyo mu?" in ji Bulus.

"Tana da biza, abokina. Wanke tukunya, khalas, magana ta ƙare."

Sai ga ciyaman ɗin da kansa ya zo sayayya, aka haɗa shi da Malam, ɗan garinsu, ya tura masa kaya. Ina wurin. Yana shan shayin Malam yana kuka da wata tsohuwa da ta hana shi sakat, ko masallaci ya shiga sai yara su rera masa baitinta. Malam ya gyara tabarau, fuskar nan kamar mai ta'aziyya.

"Ranka ya daɗe, tsofaffi sai haƙuri. Ka gina gadar, ƙila ta yi shiru."

Mutumin na fita, Malam ya cusa kwafi uku a kwalinsa, ɗaya a cikin sabon takalmi.

Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa tsohuwa. Ya daɗe yana naɗe igiyar ɗauri kafin ya amsa. Daminar da gadar ta faɗi, ciwo ya kama mahaifiyarsa, asibiti kuma yana tsallake, ta rasu ba a kai ta ba. Shi yana nan yana ɗaure kwalayen mutane.

"Inna ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba," ya ce. "Ni nake ɗagawa a madadinta."

Bara ya faɗi a sito bayan azahar, bai tashi ba. Wata huɗu bayan haka ƙaninsa ya turo hoton sabuwar gada, ya ce matan garin in sun haye sai sun sa wa tsohuwar nan albarka, har yau ba su san ko wace ce ba. Bulus ya buga hoton a takarda ya manna a firji. Ina kewar mutumin nan, wallahi.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya sada shi da Innarsa inda babu ruwan da zai raba su.